Sakkwato Na Buƙatar Malaman Likitancin Ƙwaƙwalwar Yara

Ɗiyar ƙanen mahaifina tana aure a wani ƙauye da ke hanyar Illela. Ɗanta na uku ya zo duniya bayan doguwar naƙuda, bai yi kuka ba sai da ungozoma ta yi ta yayyafa masa ruwa. A kwana na huɗu idanunsa suka yi ruwan ɗorawa, aka ce shawara ce, aka riƙa fitar da shi hantsi. Yanzu shekararsa huɗu, kuma har yau a goye yake. In za ta yi daka sai ta zaunar da shi cikin baho, ta tokare shi da tsummokara ta ko'ina don kada ya kife. Ranar da ta zo gidana ta kwance goyon, na ga hannuwansa a dunƙule, ƙafafunsa a harɗe kamar almakashi. Ta ce mini, "Yaya, yaron ga har yau wuyanai bai tsaya ba. Wasu sun ce ɗan ruwa ne."

Ba ɗan ruwa ba ne. Ƙwaƙwalwarsa ce ta samu rauni, ko dai saboda rashin isasshiyar iska lokacin haihuwa, ko kuma shawarar da ta yi yawa a jini har ta kai ga ƙwaƙwalwa. Wannan rauni ba ya gogewa, amma ana iya yi wa yaron abubuwa da yawa: a sassauta masa gaɓoɓi kafin su sandare, a koya wa uwarsa yadda za ta ciyar da shi ba tare da ya shaƙe ba, a ba shi maganin taune-taune idan yana yi, a haɗa masa kujerar da za ta riƙe masa baya. Duk wannan aikin mutane ne masu horo, kuma a nan muke da giɓi.

Ra'ayina shi ne, abin da Sakkwato ta fi buƙata a wannan fanni shi ne likitan ƙwaƙwalwar yara wanda kuma malamin jami'a ne. Ƙwararre ɗaya da ke duba marasa lafiya kawai, iyakarsa yaran da suka isa gabansa. Wanda yake koyarwa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, yake kuma zagayen ɗakin yara a asibitin koyarwarta da ɗalibai a bayansa, duk shekara yana sallamar sababbin likitoci da suka san yadda ake gane farfaɗiya, suka san shawarar jariri tana buƙatar fitilar asibiti cikin gaggawa. Waɗannan ne gobe za a tura Tangaza da Isa da Tambuwal, inda ƙwararren ba zai taɓa zama ba.

Na san abin da za a ce: yara suna mutuwa da zazzaɓin cizon sauro da tamowa da gudawa, ina mu ina ƙwararren ƙwaƙwalwa? Maganar tana da nauyi, amma a duba waɗanda suka tsira. Muna cikin yankin sanƙarau, kuma annobar 2017 ta yi ɓarna a Zamfara da Sakkwato da maƙwabtansu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum biyar da sanƙarau mai tsanani ya kama, ɗaya yakan ragu da illa mai ɗorewa, kamar kurumta ko farfaɗiya ko shanyewar gaɓa. Zazzaɓin da ya hau ƙwaƙwalwa shi ma yakan bar irin wannan tabo. Gubar dalma da ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010 ta bar wasu da dama da lalurar ƙwaƙwalwa. An ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar shan inna a 2020, amma waɗanda ta riga ta shanye muna ganinsu kullum a bakin titi. Duk yadda muka ƙara iya ceto rai, haka adadin yaran da ke buƙatar wannan kulawa zai ƙaru.

Farfaɗiya kaɗai ta isa hujja. Kimanin mutum miliyan 50 ke ɗauke da ita a duniya, kusan kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe irin namu, kuma har kashi 70 cikin ɗari za su iya daina faɗuwa idan sun samu maganin da ya dace. Amma har yanzu a unguwanninmu yaro na faɗuwa ana darewa don tsoron miyaunsa, wani ya cusa masa cokali a baki, daga baya a cire shi daga makaranta. Ba a ɗaukar farfaɗiya daga miyau. Abin yi shi ne a kwantar da shi a gefensa, a kawar da wuta da duk abin da zai ji masa ciwo.

Hanyar zama irin wannan likita doguwa ce. Shekara 6 a jami'a, shekara ɗaya ta aikin gwaji, ɗaya ta bautar ƙasa, sannan wajen shekara 5 ko 6 na ƙwarewa a fannin yara, da jarrabawar kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa ko ta Afirka ta Yamma. Bayan nan ne zai nemi ƙarin horo kan ƙwaƙwalwa da karanta na'urar auna motsinta, sau da yawa a wajen jihar ko wajen ƙasar. Idan ya dawo, aiki uku ne a kansa: duba yara, koyarwa, da binciken da ƙarin girmansa ya dogara a kai. A lokacin ya kusa arba'in, yana da iyali, kuma Saudiyya da Ingila suna masa tayi. Ba na ganin laifin wanda ya tafi. Laifin na tsarin da ya tura mutum karatu bai tanadar masa wurin aiki da na'ura da kuɗin bincike ba.

Don haka nake ganin gwamnatin jiha da jami'a, da asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund, su zaɓi matasan likitocin yara tun suna tsakiyar horo, a ɗauki nauyinsu, a rubuta cewa gurbin koyarwa na jiransu. Kada kuma a bar su su kaɗai. Masu gashin gaɓoɓi, masu koyar da magana da haɗiya, da masu ƙera takalmin gyaran ƙafa su ma suna buƙatar malamai da daraja a jami'a. Asibitin Noma (cutar da ke cin fuskar yara) da ke cikin garin nan tun 1999 ya nuna cewa tiyata da gashi da nasiha ga iyaye suna tafiya tare.

Ɗiyar baffan nawa yanzu tana zuwa gashi sau ɗaya a wata, idan kuɗin mota ya samu. Wata ma'aikaciya ta nuna mata yadda za ta kwantar da yaron ruf da ciki a kan naɗaɗɗen zane, ta riƙa kaɗa masa murfin kwano a gabansa don ya ɗaga kai. Tana yi masa safe da yamma. Watan jiya ta aiko mini cewa ya fara riƙe wuyansa na ɗan lokaci, kuma tana tambaya ko akwai likitan da zai duba jijjigar da yake yi da dare.