A wace irin ƙasa masu bincike suka gwada wannan tumatirin?

Wani labari ya ce an gano ƙwayoyin gadon da ke farkawa a saiwar shuka idan ƙaramar tsutsar ƙasa mai kumbura saiwa (nematode) ta shiga, wai an kusa samun irin tumatirin da ba ta iya masa. To, ai ba yau aka fara ba. Tun shekarun 1940 aka ɗauko ƙwayar gadon da ake kira Mi, mai kare saiwa daga wannan tsutsa, daga tumatirin daji na Peru aka saka a irin noma, tana kuma aiki, amma da zafin ƙasa ya haura digiri 28 sai ƙarfinta ya ragu, tsutsar ta shige ta mai da ƙwayoyin saiwa manya-manya tana tsotsa. Ku taɓa ƙasar Kadawa ta Jihar Kano da rana a watan Maris ku ji! Malam da ya ce game da ƙullin da ke fitowa a saiwar tumatir "ai ƙullin nan taki ne", a'a, na gyaɗa da wake kake nufi, shi kana murzawa yake fita. Na tsutsa saiwar ce da kanta ta kumbura, ga ganye ya yi yaushi bayan an ba da ruwa da safe. A zafin bazararmu aka gwada, ko a ɗakin bincike mai sanyi?