Wa zai biya mai gadin Yankari?

A shekarar 2006, zamanin mulkin Gwamna Ahmed Adamu Mu'azu, gwamnatin tarayya ta mayar wa jihar Bauchi dajin Yankari, bayan ya shekara 15 a hannunta. Mutanen Bauchi sun yi murna, don dama tun da aka keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga baƙi a 1962, suna kallonsa a matsayin nasu. Sai dai duk wanda ya karɓi daji ya karɓi ɗawainiyarsa: albashin masu gadi, man motocin sintiri, gyaran hanyoyin da damina ke cinyewa duk shekara. Faɗin Yankari ya haura murabba'in kilomita 2,200. Ba filin idi ba ne da za a zagaye da katanga a ajiye maigadi ɗaya a ƙofa.

Mun san yadda jihohinmu ke kashe kuɗi a irin waɗannan wurare. An fi son abin da za a tara jama'a a ƙaddamar, a kafa allo da sunan mai girma gwamna: masaukin baƙi, ɗakin taro, sabuwar ƙofa. To amma wanda ya ɗauko iyalinsa daga Kano ko Jos ba ɗaki ya zo gani ba. Ya zo ne ya tsunduma a ruwan Wikki, ruwan ɗumi garai-garai da ake hango yashin ƙasansa, wanda zafinsa ke nan a digiri 31 rani da damina. Ya zo ya hau mota a bi gaɓar kogin Gaji, ko Allah zai sa a yi kiciɓis da garken giwaye, ko ɓauna, ko gwanki. Hatta birran da ke fizge ledar abinci daga hannun baƙi a sansanin Wikki, yara ba sa manta su.

Duk wannan a wuyan mai gadin daji ya rataya. Shi ke kwana a jeji yana bin sawun mafarauta masu neman haure da naman daji, shi ke fama da masu kora shanu cikin gandu, kuma akwai daga cikinsu waɗanda suka rasa rayukansu a bakin aiki. A 2014 gwamnatin Bauchi ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar WCS ta Amurka, mai kare namun daji, kan tafiyar da sintirin masu gadi, kuma daga nan kisan giwaye ya ragu ƙwarai. Abin yabo ne. Amma kuɗin tallafi ne, kuma mai ba ka tallafi yana iya juya akalarsa wata ƙasa a duk ranar da ya ga dama.

Wasu za su ce a bar daji ya riƙe kansa da kuɗin ƙofa. Ba zai yiwu ba. Baƙi suna cika ne da Sallah, Kirsimeti da sabuwar shekara, sai motocin 'yan makaranta jefi-jefi. Da damina ciyawa ta rufe dabbobi, ƙafa ta ɗauke, alhali mafarauci ba ya hutun damina. In aka tsauwala kuɗin shiga, ɗan Alkaleri maƙwabcin dajin da ɗalibin sakandare ne za su fara tsayawa a waje. Kuma kuɗin ƙofar ma ba kullum yake isa inda aka nufa ba. Har yau ana raha da labarin goggon birin da aka ce ya haɗiye naira miliyan 6.8 a gidan zu na Kano a 2019, gidan da daga baya gwamnan jihar ya ce babu irin wannan birin a cikinsa.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta masu cewa jihar da asibitocinta ke neman magani, makarantunta ke neman rufi, ina ita ina ciyar da masu gadin giwa? Amsarta tana Birnin Gwari da Katsina. Dajin da hukuma ta janye daga cikinsa ba ya zama babu kowa. Dajin Kamuku na Birnin Gwari da dajin Rugu na Katsina sun koma mafakar 'yan bindiga, kuma abin da ake kashewa yau wajen fatattakarsu, ga rayuka ga gonakin da aka bari, ya fi ƙarfin albashin masu gadi nesa ba kusa ba.

A ganina, abin da Yankari ke buƙata doka ce daga majalisar dokokin jihar, wadda za ta kafa asusun da sauyin gwamnati ba ya taɓawa. Kuɗin ƙofa ya tsaya a cikinsa, a ƙara masa tsayayyen kaso daga kuɗin kula da muhalli da jihohi ke samu daga asusun tarayya, a fara biyan masu gadi kafin a aza bulo ko ɗaya. Ba sabon abu ba ne. A 1976 mutanen jihar Misuri ta Amurka suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da harajin senti (kwabonsu) ɗaya a kan kowace dala takwas ta cefane, domin dazuka da namun daji kaɗai. Tun shekarun 1960 kuma gwamnatin Amurka ke ware wani ɓangare na kuɗin man da take haƙowa a teku, tana ba jihohi su gyara wuraren shaƙatawa, da sharaɗin su ma su zuba daidai abin da aka ba su.

Wannan na biyun ya shafi Bauchi kai tsaye. Rijiyar Kolmani da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Nuwamban 2022 tana iyakar Bauchi da Gombe, ta ɓangaren Alkaleri, ƙaramar hukumar da Yankari yake. Man bai fara kawo kuɗi ba, shi ya sa yanzu ne ya fi sauƙi a rubuta kason dajin, tun masu rabo ba su yi layi ba. A cikin dokar a sa diyyar manoman ƙauyukan gefen daji, waɗanda garken giwaye kan tattake musu gonar dawa a dare ɗaya. Su ne ke fara ganin baƙuwar fuska ta doshi daji da bindiga, kuma manomin da aka yi wa ɓarna ba a biya shi ba, da wuya ya ɗaga waya ya sanar da kowa.