Hon ɗin Tankin Ruwa

Tankinmu na saman ɗaki ba ya sanin ya cika. Da an kunna famfo sai a manta, sai ruwa ya malalo tsakar gida, uwargida ta fito tana cewa, "Baban Ummi, kai da kullum kake cikin wayoyi, wannan ne ya gagare ka?" Wannan magana ce ta kai ni kasuwar Sabon Gari.

Dabarar ba ta da wuya. Wayoyi biyu a bakin tanki, ruwa ya taɓa su, 'yar wuta ta ratsa, transisto ya ninka ta, hon ya yi kuka. Na sayo transisto BC547, ɗan mitsitsi mai ƙafa uku (bes, emita da kolekto), na haɗa da batir mai bolt 12 da tsohon hon ɗin mashin ɗina. Ruwa ya cika, ya taɓa waya, hon ya yi shiru abinsa. Sai wani ɗan "kit" da na ji, shi ke nan.

Mai gyaran rediyon bakin layinmu ya duba, ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Yallabai, wutar da ke bi ta ruwa ba ta kai miliamfiya ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na amfiya, ma'aunin yawan wuta. Wannan yaron ya ninka ta sau 200, har yanzu ba ta kai ko'ina ba, shi kuwa hon ya fi amfiya guda yake ci. BC547 ma iyakarsa miliamfiya 100." Ya miƙo mini wani transisto, TIP41, ƙato mai jure amfiya 6, amma ninkinsa kaɗan ne, wajen 40. Ya ce in ɗauki emitar ƙaramin in ba bes ɗin babban, kolektocinsu a haɗe. Ninkin ba tarawa ake yi ba, 200 sau 40 ne, wato 8,000. Wai wani injiniyan Bell Labs a Amurka, Sidney Darlington, shi ya yi rajistar wannan haɗi a 1953. Ni dai na ce Allah ya saka masa.

Da yamma muka gwada. Hon ya tsage, kajin gida suka watse, uwargida ta ce, "To, yau ka yi abin kai." Na kai yatsa in shafi babban transiston don jin daɗi, na janye da sauri ina yarfe hannu. A wannan haɗi kusan bolt guda ke maƙalewa a jikinsa, ga wuta fiye da amfiya tana wucewa, ni kuma ban ɗaura masa ƙarfen sanyaya ba.

Abin da mai rediyo bai tsaya faɗa ba shi ne ninki 8,000 ba ya tantance ruwan tanki da na sama. Daren nan aka yi yayyafi. Danshi ya kwanta tsakanin wayoyin, hon ya fara nishi kamar akuya mai mura. Wajen ƙarfe uku ruwa ya sauko sosai, sai ya buɗe murya gaba ɗaya.

Na fito da gajeren wando, tsani kuwa yana gidan maƙwabci. Kafin in samo shi 'yan sintiri sun cika ƙofar gida da gora da tocila, wani yana ihun "Ta ina ya bi?" Ina can sama ina lalube cikin duhu, aka haske ni, aka ce in sauko a hankali hannuna a sama. Sai da uwargida ta leƙo ta ce mijinta ne, kuma ta ɗan jinkirta kafin ta faɗa.

Da safe mai rediyo ya sa rizisto ɗaya, ɗan abin da ke rage gudun wuta, tsakanin bes da emita don ya zubar da 'yar wutar danshi, ya karɓi kuɗin shayi. Mai unguwa kuma ya aiko a tambaye ni nawa zan haɗa masa irinsa a garejinsa.