Amfilifaya mai bawul, mai taransisto ko mai ruwa biyu: na Ingila daban, na Kano daban

A nan Ingila masu son kayan sauti ba sa gajiya da gardama kan amfilifaya mai bawul da mai taransisto. Abin da ke damuna shi ne yadda 'yan uwanmu ke ɗaukar hukuncin da aka yanke a ɗaki mai sanyi, inda wuta ba ta wasa, su sayi kaya masu tsada su aika Kano ko Damagaram. A ganina lasifikarka da wutar gidanka ne ke zaɓar maka amfilifaya, kunnenka ya biyo baya.

Ba zan musanta daɗin mai bawul ba. Waɗannan kwalaben gilashi masu jan haske sun girmi taransisto nesa ba kusa ba: Lee de Forest ya fito da nasa a 1906, taransisto kuwa sai 1947 a ɗakin bincike na Bell a Amurka. Idan aka matsa wa bawul ya kai iyakarsa, a hankali yake lanƙwasa sautin, ba ya guntule shi, kuma 'yar murɗiyar da yake ƙarawa kunne na jinta kamar kauri da ɗumi. Shi ya sa muryar mutum da gurmi ke fitowa da taushi. Amma ƙarfinsa kaɗan ne. Bawul 300B guda ɗaya wat 8 yake bayarwa, EL84 biyu wajen wat 15, EL34 biyu wajen 35, kamar a Dynaco ST-70 na 1959. McIntosh MC275 na 1961 mai KT88 ne ya kai wat 75 kowane ɓangare.

A nan lasifika ke shigowa. Duba takardarta ka ga desibel (ma'aunin ƙarar sauti) nawa take bayarwa da wat ɗaya a tazarar mita ɗaya. Duk ragin desibel 3, sai ka ninka ƙarfin amfilifaya kafin ka samu ƙara iri ɗaya. Lasifika mai 85 tana buƙatar ninki huɗu na abin da mai 91 ke buƙata. Wanda ya haɗa 300B da ƙaramar lasifika mai 85 a babban falo ya yi asarar kuɗinsa. Sannan mai bawul ba ya riƙe lasifika gam, domin turjiyar mafitarsa kan kai om ɗaya zuwa biyu, sai bes, wato sauti mai kauri, ya fito da faɗi amma a sake.

Sai ɗawainiya, wadda masu talla ba sa son ambata. Manyan bawul kan gaji bayan awa 2,000 zuwa 3,000, ƙanana irin 12AX7 su daɗe fiye da haka sosai. Idan za a canza manya, a sayi waɗanda aka auna aka daidaita biyu-biyu ko huɗu-huɗu, sannan a saita bayas, wato yawan wutar da ke ratsa bawul lokacin da ba ya kaɗa komai, da mita, galibi miliyam 35 zuwa 40 ga EL34, gwargwadon abin da kamfanin ya rubuta. In bayas ya zarce, za ka ga farantin cikin kwalbar ya yi ja wur, to kashe nan take. Kada a taɓa kunna shi babu lasifika a jone, taransifomar mafita, wadda ke miƙa sauti daga bawul zuwa lasifika, na iya ƙonewa, ita ce kuwa mafi tsada a jikinsa. A ciki akwai bolt 400 zuwa 500, kuma kafasito, ɗan abin da ke ajiye caji, kan riƙe wutar ko bayan an zare fulogi. Wannan na iya kisa, ba aikin mai koyo ba ne. Masana'antun da suka rage ma 'yan kaɗan ne, galibi a Sulobakiya, Rasha da Sin, shi ya sa farashi ya yi tashin gwauron zabi a 2022 da yaƙin Yukiren ya ɓarke.

Duk wannan mai sauƙi ne a Ingila. Wuta tsayayya ce, ɗaki da sanyi, kuma ka yi odar bawul yau ya iso jibi. A gida kuwa, zaren da ke ɗumama bawul galibi bolt 6.3 yake so, da ɗan sassauci na kashi biyar cikin ɗari. Wutar da ke hawa da sauka tana gajarta masa rai tana kuma karkatar da bayas. Mai EL34 huɗu yana shan wat 150 zuwa 200 ko babu abin da yake kaɗawa, kusan duka ya koma zafi. Ka lissafa wannan a kan batirin inbata, a watan Afrilu da zafin Kano ke haura digiri 40. Kafasito kuma, duk ƙarin digiri 10 na zafi yana raba rayuwarsa biyu.

Saboda haka ga gida ni mai taransisto nake goyon baya, ba tare da kame-kame ba. Wat 50 zuwa 100 cikin kuɗi mai sauƙi, bes a ɗaure, ba bayas, ba canjin kwalba, kuma masu gyaran rediyo sun san cikinsa. Masu cewa sautinsa a bushe yake su tuna NAD 3020 na 1978, mai wat 20 kacal, wanda har yau ake nemansa a kasuwar kayan hannu. Laifinsa biyu ne. In aka murɗa shi fiye da ƙarfinsa yana guntule sauti da kaifi, abin da ke ƙona tuwita, ƙaramar lasifikar da ke fitar da siririn sauti. Ƙaramin amfilifaya da aka matsa wa ya fi babba kashe lasifika. Kuma in wayoyin lasifika suka taɓa juna, taransistocin mafita na iya tafiya cikin ƙiftawar ido. A bar masa tazarar santimita goma a sama, a busa ƙurar hunturu daga ƙarafan da ke fitar da zafi, a sa masa sitabilaiza. Mai sola ya nemi mai taransisto na nau'in da ake kira ajin D, wanda ke mayar da kusan kashi 90 na wutar da ya sha zuwa ga lasifika, ajin AB da aka saba da shi kuwa da wuya ya wuce kashi 60 a aikin yau da kullum.

Mai ruwa biyu yana sa ƙananan bawul irin 12AU7 ko 6922 a mashiga, taransisto su ɗauki nauyin lasifika. Dabara ce mai kyau, sai dai kada ka sa ran jin mai bawul zalla, tunda yawancin halin nan daga manyan bawul da taransifomar mafita yake fitowa. A yi hattara da masu araha da aka sa wa fitila a ƙarƙashin kwalba don ado. Tambayi bolt nawa ke kan farantin bawul ɗin. In 12 ne ko 24, ba aikin kirki yake yi ba.

Mai aikowa daga Amurka ya juya bayan kayan ya karanta tambarin. Can wutar bolt 120 ce mai zagaye 60 a daƙiƙa, Najeriya 230 da 50. Taransifomar rage wuta tana gyara bolt, ba ta gyara zagaye, kuma taransifomar da aka naɗa don 60 takan yi zafi a kan 50. A nemi wanda aka rubuta 220 zuwa 240 da 50/60 a jikinsa.