Majalisar farfesoshi? A tambayi mutanen Dakar tukuna

Daren Juma'ar da ta wuce a fadarmu ta Zango a Damagaram, ɗan ƙanwata da ya gama karatun shari'a a Yamai, wanda yanzu kabu-kabu yake yi kafin aiki ya samu, ya dire kofin shayi ya ce: "Kawu, duk ranar da aka koma zaɓe, a kafa doka. Ba mai shiga majalisa sai mai digiri, shugabanta kuma a samo farfesan shari'a. Jahilai ne suka kashe ƙasar nan." Kowa ya gyaɗa kai, har mai fifita gawayin shayin. Ba a bakinsa na fara jin zancen ba. Tun da aka rusa jam'iyyu a Nijar a 2025, aka naɗa majalisar ba da shawara, maganar "majalisar masana" take yawo a rediyo da Facebook kamar wani sabon magani, kuma yadda ake haɗiye ta ba tauna shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Maganin nan mun sha shi. Kundin tsarin mulkin 25 ga Nuwamba 2010 ya wajabta cewa kashi 75 cikin ɗari na 'yan takarar kowane jerin sunaye su kasance masu takardar BEPC, wato shaidar kammala ƙaramar sakandare, ko makamanciyarta. Kafin zaɓen Janairun 2011 an yi watsi da jerin sunaye da dama saboda matsalar takardu. Majalisa uku aka zaɓa a ƙarƙashin wannan sharaɗi, ta 2011 da ta 2016 da wadda aka rusa a Yulin 2023. To, wanda ya ga sauyi a yawan ruwan da ke zuwa famfon unguwar Garin Malam ko Karakara saboda 'yan majalisa sun iya faransanci, ya zo ya nuna mana. Mu dai har gobe jiran 'yan ga-ruwa muke. Yanzu an ce a ɗaga sandar daga BEPC zuwa digiri, wai ciwon na ƙarancin takarda ne.

Tun da farfesan shari'a ake so, ga guda, kuma ba ƙarami ba. Abdoulaye Wade na Senegal ya yi karatu a Faransa, ya yi aikin lauya, ya koyar har ya shugabanci tsangayar shari'a da tattalin arziki ta jami'ar Dakar. Ya kafa jam'iyyar PDS a 1974, ya shiga majalisar dokoki a 1978. A ba shi haƙƙinsa: ya sha ɗauri, ya faɗi zaɓen shugaban ƙasa sau huɗu bai ɗauki bindiga ba, sai a 2000 ya kayar da Abdou Diouf da takensa na Sopi, wato canji. A zamaninsa aka yi tsarin mulkin 2001 da ya ƙayyade wa'adi biyu. Duk abin da ɗan ƙanwata yake mafarki, mutumin nan yana da shi har da ƙari.

Sai me ya biyo baya? A Yunin 2011 ya aika wa majalisa ƙudurin da zai ba ɗan takara damar lashe zaɓe tun zagayen farko da kashi 25 cikin ɗari kacal. Ranar 23 ga watan jama'a suka cika ƙofar majalisar da duwatsu da ihu, dole ya janye. Bai daddara ba, ya fito neman wa'adi na uku da hujjar cewa wa'adinsa na farko ya fara kafin sabon kundin, don haka ba ya cikin lissafi. Irin wannan hujja manomi ba zai iya ƙirƙiro ta ba, sai wanda ya san inda allura take a cikin doka. Masu ƙuri'a ne suka tsayar da shi a Maris 2012, suka ba Macky Sall. Wanda ya san kulle shi ya fi sanin yadda ake buɗe shi ba makulli.

Ba ma sai mun je Dakar ba. Wa ya manta da tazarce? Ranar 26 ga Mayu 2009 Shugaba Mamadou Tandja ya rusa majalisar da Mahamane Ousmane ke shugabanta, ɗan garin nan, wanda karatunsa na lissafi ne da tattalin arziki. Kotun tsarin mulki ta Salifou Fatimata Bazèye ta ce zaɓen raba gardamar da Tandja ya kira don ya zarce ya saba wa doka, ita ma aka rusa ta a ƙarshen Yuni. Masana shari'a ne suka ce a'a, gaskiya ne, kuma sun cancanci jinjina. Amma kundin jamhuriya ta shida da aka kaɗa wa ƙuri'a ranar 4 ga Agusta, 'yan kasuwar Dole ne suka rubuta shi? Masana ne su ma, masu takardu iri ɗaya da na waɗancan. Karatu ɗaya, aka rabu a wajen tsoron Allah da tsoron rasa kujera. Ƙarshen wasan kowa ya sani, juyin mulkin 18 ga Fabrairu 2010.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne masu wannan magana ba sa tambayar da wane harshe farfesan zai yi aiki. Gwaggona ta yi shekara biyu tana rikicin gona da wani dangin mijinta. Takardar da aka ba ta tana nan ƙunshe cikin leda a ƙasan akwatinta, ta naɗe ta har ta fara yagewa a kan layin ninki, kuma ba ta san kalma ɗaya da ke ciki ba. Duk wanda ya zo gaisuwa da alamar boko sai ta ciro ta ce, "Ɗana, duba mini, ni ce da gaskiya ko su?" Dokar karkara tana nan tun 1993, da kwamitocinta na filaye, da ƙa'idojin burtali da na mashaya. Manomi nawa da makiyayi nawa tsakanin Mirriya da Tanut suka taɓa jin an karanta musu ita da bakinsu? Kundin 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa. Madalla. Ina dokar da aka fassara aka kai kasuwa?

Farfesan da Damagaram ta fi tunawa da shi a majalisa ma ba na shari'a ba ne. André Salifou malamin tarihi ne, shi ya jagoranci babban taron ƙasa na 1991, ya shugabanci majalisar riƙon ƙwarya, aka zaɓe shi ɗan majalisa a 1993, yau jami'ar garin nan sunansa take amsawa. Da an bi son ran masu cewa kujerar shugaba sai masanin doka, da shi ma an ce ya koma aji.

Masu cewa duk ɗan boko ɓarawo ne a kore su gaba ɗaya, wannan hirar teburin mai shayi ce, ba ta kai a ɓata mata tawada ba. Majalisa na bukatar masana doka, a kwamitoci, a matsayin ma'aikata masu duba kowane ƙuduri kafin a ɗaga hannu. Wanda kuma yake son kujerar kanta, farfesa ne ko mahauci, ya fito ya nemi ƙuri'a, a tsayar da shi gaban jama'a ya bayyana doka guda da Hausa ko Barbarci ko Fulatanci, a yi masa tambayoyi.

Na faɗa wa ɗan ƙanwata ya fara da takardar gwaggo, tun da yana da digirin. Ya ce zai leƙa ranar Lahadi in ya tashi daga kabu-kabu.