Giris ɗin da muke sha a Jos ba mu sani ba

Zobo mai gas nake haɗawa a gida anan Amurka, kuma tun yanzu in faɗa ba giya bace kada wani ya fara min wa'azi. Tankin da nake amfani dashi irin wanda ake kira Cornelius ne, ƙarfe mara tsatsa mai cin lita 19, asalinsa ma na kamfanonin lemo ne Pepsi da Coca-Cola, da suka koma zuba ruwan lemon a leda cikin kwali sai tankokin suka zube a kasuwa, masu dafa giya a gida suka wawashe tunda dokar tarayya ta halatta musu tun 1978. Mu kuma masu zobo da lemon citta muka bi bayansu muka tsinci namu. Soɓorodon ma a shagon 'yan Meziko nake saya, wataƙila ma daga Jigawa ya taso ya zagayo ya same ni.

Toh tankin nan yanada zoben roba guda 5, babba ɗaya a murfi, biyu a bakin da gas ke shiga da wanda zobo ke fita, biyu kuma a wuyan bututun ciki. In robar ta bushe sai yoyo, ka kwana da tukunyar gas cike ka tashi wayam. Maganin shine a ɗan shafa mata mai, ɗan kaɗan yadda zata yi sheƙi kawai, a rufe a bata gas wajen psi 30 a ma'aunin ƙarfin iska murfin ya zauna, a yayyafa ruwan sabulu a gani ko zai yi kumfa. Aikin minti biyu. Amma wane mai? Nan ne mutanen ƙasar nan suke zama suyi ta gardama kamar batun gado.

Da a Jos ne wallahi ba mai tsayawa tunani, basilin yana kan tebur, ko a dangwalo man gyaɗa. Man gyaɗa da man ja da man shanu duk abinci ne amma suna lalacewa in sun jima, suyi ɗaci da wari suyi danƙo a jikin robar, kuma mai yana kashe kumfa. Basilin fari tas mara turare shi kanshi ba wani guba bane, matsalar namu na kasuwa yawanci an zuba masa ƙamshi, sannan akwai robar da bata shiri da duk abinda ya fito daga fetur, irin EPDM, kumbura take tayi laushi. Baƙar roba ta nitrile ita tana jurewa. Man silikon shi yafi zama lafiya da yawancinsu amma in robar ita kanta ta silikon ce shima kumbura ta yake. Kaga kenan sai kasan wace roba ce a hannunka kafin kasan wane mai zaka saya, kuma mai shago bazai gaya maka ba sai ka tambaya.

Abinda ya tsaya min a rai shine tambarin da ke jikin kwalin. NSF wata ƙungiya ce mai zaman kanta a Amurka dake tantance kaya, in kaga NSF H1 ana nufin man da ko ya ɗan taɓa abinci bisa kuskure ba matsala, H2 kuma na inda abinci baya zuwa ne kwata kwata. Ma'aikatar noma ta Amurka ce ke wannan tantancewar har 1998 kafin NSF ta karɓa, kuma ko H1 ɗin an ƙayyade, kada man ya wuce kashi 10 cikin miliyan a abinci, na silikon ma kashi 1. Akan ɗan abinda bai kai ƙwayar wake ba fa ake wannan lissafin.

Yanzu dan Allah mutumin Jos ya tuna injin markaɗen unguwarsu. Ka sayo tumatur da tattasai masu kyau a Farin Gada, kayan da har Legas ake ɗauka saboda kyansu, ka aiki yaro ya kai inji, boris ɗin yana nan dab da inda markaɗe ke fita an cusa masa baƙin giris na mota, wani ma in ya ƙare sai ya ɗiga man juyen da aka sauke daga janareta, sil ɗin dake tare yoyo ya cinye tun bara, ruwa na bi ta wajen yana komawa cikin roba. Gasarar kunu ta wajen take bi, waken ƙosai da alale ta wajen, waken suya na awara ma. Matan gida sun san wannan baƙin layin dake fitowa a farkon markaɗe, su kwashe da cokali su zubar a ci gaba. Man juyen da aka riga aka yi amfani dashi kuwa akwai ɓurɓushin ƙarfe da ƙonannen abu a ciki wanda ko fatar mutum ba'a so ya dinga taɓawa balle hanji.

Ban ce Turawa sun fimu hankali ba, wasu abubuwan nasu iyayi ne, mutum zai sayi tub uku kala kala saboda tanki ɗaya, alhali Petrol-Gel ɗin da suke yabo tataccen farin mai ne kawai mara wari mara ɗanɗano wanda masu injin askirim suka daɗe suna amfani dashi. Bambancin kawai su suna samu a shagon kusa da gida da kuɗi kaɗan, tub ɗaya ya kai ka shekaru. Mai inji a Anguwar Rogo ko Gangare in ya shiga Dilimi yace a bashi giris, abinda ke kan kanta za'a bashi, to laifinsa nawa ne? Bai ma taɓa jin akwai wani daban ba.

Ƙanina dake sayar da zobo da kunun aya da injin nan mai juyawa a cikin gilashi, nace masa me kake sawa robar famfon? Yace Yaya basilin mana, akwai wani abu ne? Na aika masa tub ɗaya da wani mai zuwa gida, yanzu maƙwabtansa masu yogot suna zuwa da murfin kwalba yana matsa musu. Wato ba ƙi mutane suke ba.

Manyan masana'antun abinci da lemo ba sai an gaya musu ba, nasu zuwa yake a durom. Ƙananan ne ba mai kula su. Ni a ganina ɗan kasuwa ɗaya mai ido a Dilimi ko Katako ya isa ya fara, ya sayo bokitin H1 ya ƙulla a ƙananan robobi yadda ake ƙulla man gashi, ya bi ƙungiyar masu injin niƙa da masu fiya wata da masu askirim. NAFDAC kuma da take duba lambar dake jikin leda ta riƙa leƙa abinda ke jikin boris. Kafin nan duk mai inji ya canza sil ɗin da ya mutu, ya fara wuce da ruwan zafi kafin markaɗen farko na safe, man juye kuma a barshi wajen janareta.