Gayyar Neman Magani da Kwamfutocin da Ake Bari a Bakin Gona

Akwai wani aikin gayya da ake yi a duniya yau sama da shekara 20, wanda a maimakon fartanya kowa kwamfutarsa yake kawowa. Mutum zai sauke wata 'yar manhaja, ita kuma a duk lokacin da ba ya amfani da na'urar sai ta karɓo guntun lissafi daga wajen masu binciken magunguna, ta yi aikin, ta mayar musu da sakamako ta intanet. Na daɗe ina bibiyar wannan harka, kuma ra'ayina shi ne bai kamata a bar wa injiniyoyi su kaɗai batun wace na'ura ake karɓa, wace kuma ake mayarwa ba, domin wannan batu shi ne yake raba wanda zai shiga gonar da wanda zai tsaya a bakinta yana kallo.

Shirin Folding@home, wanda Vijay Pande ya fara a Jami'ar Stanford ta Amurka a shekarar 2000, shi ne misalin da ya fi fito da abin fili. Aikinsa kwaikwayon motsin furotin ne, sinadarin da jikin halittu yake ginuwa da shi yake kuma aiki da shi, wato yadda yake naɗewa, ya buɗe, ya rufe, domin ƙwayar cutar bairos da furotin take shiga jikin mutum kuma da shi take hayayyafa, magani kuwa sau da yawa wani ɗan ƙaramin sinadari ne da zai shige wani lungu a jikin furotin ɗin ya hana shi aiki. Gano lungun da kuma gwada dubban sinadarai a kansa yana cin lissafin da kwamfuta ɗaya za ta yi shekaru ba ta gama ba. Da cutar korona ta ɓulla a 2020, mutane suka yi ta tururuwa zuwa wannan shiri, har a watan Maris ƙarfinsa ya haura lissafi biliyan sau biliyan a daƙiƙa ɗaya, matakin da babu wata katafariyar kwamfutar gwamnati ko ta kamfani da ta taka a lokacin. Da wannan ƙarfi masu binciken suka hango lunguna fiye da 50 a jikin furotin na ƙwayar cutar, waɗanda ba sa bayyana sai furotin ɗin ya motsa.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne haɗin gwiwar da aka kira COVID Moonshot. Cibiyar Diamond Light Source da ke Ingila ta fitar da hotunan furotin ɗin da ƙwayar cutar take amfani da shi kamar almakashi wajen yanka kayan jikinta, masana kimiyyar sinadarai daga ƙasashe da dama suka aiko da zanen sinadarai sama da 18,000, kwamfutocin 'yan sa-kai suka taimaka wajen tace waɗanda suka cancanci a haɗa su, aka kuma haɗa kimanin 2,400 aka gwada a ɗakin gwaji. Duk sakamakon a fili aka ajiye shi ba tare da haƙƙin mallaka ba, kuma ƙungiyar DNDi, mai neman magungunan cututtukan da aka yi watsi da su, da ke da hedikwata a Janeba, ta shiga cikin aikin da niyyar duk maganin da zai fito ya kasance mai sauƙin kuɗi ga ƙasashe matalauta. Ba ina cewa kwamfutar gida ta haifi ƙwayar maganin da ake sayarwa a kemis ba ne. Lissafi yana rage yawan abin da za a gwada ne kawai, daga nan sai gwajin dabbobi da na mutane, wanda yake cin shekaru.

To, a nan ne maganar na'ura take shigowa. Mafi yawan ƙarfin Folding@home daga katin hoto yake zuwa, wato ɓangaren kwamfuta mai sarrafa hotuna, irin wanda masu wasan kwamfuta suke saya da tsada daga Nvidia da AMD, kuma ba kowane kati ake karɓa ba, sai wanda yake iya lissafi mai ninkin daidaito, wato da lambobi masu tsawo sosai, kuma direbansa, wato manhajar da take sarrafa shi, yake tafiya da zamani. Masu kwamfutar Apple sun daɗe ba sa iya ba da gudummawa da katin hotonsu, sai da furosesa kawai, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, kuma tun 2018 kamfanin ya sanar da cewa ya juya wa tsarin OpenCL baya, tsarin da da dama daga cikin irin waɗannan manhajoji suka dogara da shi wajen sa katin hoto ya yi lissafi. A ɓangaren furosesa ma, sabbin manhajoji sun fi jin daɗin umarnin hanzarta lissafi da ake kira AVX, wanda bai fara zuwa ba sai 2011, kuma an daɗe ana sayar da furosesoshi masu araha da ba su da shi. Shirin Rosetta@home na David Baker, wanda ya samu kyautar Nobel a 2024, ya taɓa fitar da ayyukan da ba sa tafiya sai an girka wata ƙarin manhaja mai suna VirtualBox kuma akwai ram, wato ma'ajiyar aiki ta kwamfuta, mai yawa.

Na ɗanɗana wannan da kaina. Na taɓa girka ɗaya daga cikin waɗannan shirye-shirye a kan wata tsohuwar laftof ta hannu, na bar ta tana aiki dare biyu, fankarta tana kuka, data tana tafiya, sai daga baya na duba na ga duk aikin da ta mayar an rubuta masa kuskure. Babu inda aka gaya mini tun farko cewa na'urata ba ta dace ba. Abin ya ɓata mini rai, domin da niyyar alheri na zo.

Dole kuma in yi wa masu binciken adalci. Galibinsu ƙananan ƙungiyoyi ne a jami'o'i, ɗalibai da malamai 'yan ƙalilan, kuma kowace irin na'ura da suka amince su karɓa tana nufin sabon aikin gini da gwaji da gyara. Akwai ma wata matsala da ba kowa ya sani ba: furosesoshi daban-daban kan ba da amsoshi masu ɗan bambanci a lambobin ƙarshe na lissafi ɗaya, shi ya sa tsarin BOINC na Jami'ar Kalifoniya da ke Bakili, wanda shirye-shirye da dama suke rarraba aiki da shi, kuma yakan aika aiki ɗaya ga mutum biyu don a kwatanta, yake da hanyar haɗa na'urori masu kama da juna kaɗai. Ga kuma wa'adi, domin a kwaikwayon motsin furotin kowane guntu a kan na baya yake hawa, na'ura mai nawa kuwa tana tsayar da layi gaba ɗaya. Ko na'urar wasa ta PlayStation 3, da ta taimaka wa Folding@home ya kafa tarihi a 2007, an sallame ta a 2012. Duk wannan na yarda da shi.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauka cewa duk aikin irin wannan ne. Gwada sinadari a kan furotin, a ga ko zai zauna a lungun ko ba zai zauna ba, aiki ne da ake iya gutsuttsura shi ƙanana, kuma wani guntu ba ya jiran wani. World Community Grid, wani shirin gayyar da kamfanin IBM ya kafa a 2004 kafin ya koma hannun Cibiyar Krembil da ke Toronto, ya tabbatar da haka a shirinsa na neman maganin korona mai suna OpenPandemics tare da cibiyar bincike ta Scripps da ke Amurka, inda wayoyin Android da 'yar ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi suka yi aiki kafaɗa da kafaɗa da manyan na'urori. Saboda haka ina ganin wajibi ne kowane shiri ya ware irin waɗannan ƙananan ayyuka ga na'urori marasa ƙarfi, ya kuma sa manhajarsa ta duba na'urar mutum ta gaya masa gaskiya da harshe mai sauƙi kafin ya ƙona wuta da data.

Mu ma abin ya shafe mu kai tsaye. Zazzaɓin Lassa, da aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, bairos ne yake kawo shi, yana kashe mutane a Najeriya kowace shekara, kuma har yanzu babu rigakafinsa da aka amince da shi. Irin cututtukan da manyan kamfanonin magani ba sa ganin riba a cikinsu su ne suka fi buƙatar binciken da ake yi a fili, kuma na'urorin da suka fi yawa a hannun mutanenmu wayoyi ne da laftof na hannu. Ba zan shawarci kowa ya tayar da janareta ko ya gasa laftof ɗinsa a zafin watan Afrilu saboda wannan ba. Amma wanda yake da sola da batirinsa kan cika tun kafin azahar, da ɗakunan kwamfuta na jami'o'inmu da suke zaman banza lokacin hutu, za su iya shiga, muddin sun fara duba irin furosesa da yawan ram ɗin da shirin yake nema, suka kuma rage ƙarfin aikin zuwa rabi don kada na'urar ta yi zafi.